Ƙulli Goma Sha Ɗaya da Aka Yanke a Tanambila

Kahi Timba shekararta sittin da takwas. Mai rini ce a Tanambila, wani ƙauye da ke kan tudu a gabashin tsibirin Sumba. Mijinta ya mutu shekara ashirin da suka wuce, ɗanta ɗaya ne, Landu, mai sayar da dawakai. Yara da manya Apu Kahi suke ce mata, wato Kaka Kahi, amma in ba ɗan nata ba, babu mai cin abinci daga hannunta.

Tun tana shekara goma sha biyar take tsoma hannu a tukunyar shuni, ya rine har gwiwar hannu, farcenta ya yi baƙi. A wurinmu ana sayen zanen mai shuɗin hannu, ana kai amarya da shi, ana lulluɓe gawa da shi, amma ba a barinta ta kafa tukunya a cikin ganuwar dutse da ta kewaye gari. Marinarta tana can gangare ƙarƙashin wata tsamiya. Namiji ba ya leƙa tukunyar, mai ciki ba ta bi ta wurin. Dokar dattawa kuma tana nan tun kakanni: duk mai rinin da aka kama tana aiki da gashin mutum, a fasa tukunyarta a fitar da ita daga gari. An taɓa yi wa mata uku haka, ɗaya ba ta kai ƙofar gari da rai ba.

Aikin nata kuwa ga yadda yake. Ana miƙe zare a kan katako, a ɗaɗɗaure wuraren da ake so su fito fari da kaba, sannan a tsoma. Inda aka ɗaure, rini ba ya shiga. Duk macen da ta taɓa zama kusa da masaƙa ta san haka. Maza kuwa doki suke ɗaurewa, da ɓaunar gida, da ɓarawo.

Akwai abin da duk garin ya sani, ba a dai haɗa shi da ita ba. Shekara arba'in da ɗoriya ruwa bai ci kowa a Tanambila ba, doki bai kashe kowa ba, maciji ya sari mutane sun tashi sun ci gaba da noma. Ana mutuwa da tsufa da ciwo kamar ko'ina, amma ba a mutuwar farat ɗaya. Masu bin kakanni suka ce kakanni ne, masu zuwa coci suka ce addu'a ce. Labarin da aka fi bayarwa na Landu ne. Yana shekara tara kada ya ɗauke shi a bakin kogi a gaban mutum shida, ya nutse da shi, can sai ga yaron ya ɓullo a ɗaya gaɓar yana kuka, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Watan Agustan bara Landu ya hau sauya jinkar ɗakin uwarsa. A can ƙololuwa, inda ake ajiye kayan kakanni, ya tarar da kwanduna uku cike da ƙulle-ƙullen zare, kowanne bai wuce babban yatsa ba, an naɗe shi da kaba an rina, silin gashi ya leƙo ta bakinsa. Ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Landu a lokacin shekararsa goma sha biyu da aure, matarsa Emba ba ta haihu ba, kuma an daɗe ana yi masa raɗe-raɗi a kasuwar dawakai cewa ya duba hannun uwarsa. Bai tambaye ta komai ba. Ya sauko da kwandunan ya kai gidan Umbu Retang, shugaban ƙauye.

Ranar Asabar da hantsi aka kira ta. Maza suna zaune a barandar Umbu, mata suna tsaye a ƙasa tsakanin kaburburan dutse, inda ba su da ta cewa. Ko ɓarawo aka kawo gidan nan sai an miƙa masa pinang, goron da muke taunawa da ganye da farar ƙasa. Ita ba a miƙa mata ba.

Umbu ya zaro ƙulli ɗaya ya ɗaga. "Uwar Landu, wannan gashin na wane ne?"

"Naka ne, Umbu. Na lokacin da kake da shi."

Wasu suka fara dariya suka haɗiye. Aka riƙa zarowa tana faɗin masu su ba ta ko laluɓe, har aka jera goma sha biyu a tabarma.

"Wato kin ɗaure mu ke nan?"

"Na ɗaure ku."

"Har da ɗan cikinki?"

"Shi na fi ɗaurewa."

Ba a ƙara tambayarta komai ba. Da na tambaye ta daga baya me ya hana ta yin bayani, sai ta dube ni kamar wanda ya yi maganar wauta. Ta ce, "Ni a wurina na gama bayani. Na ce na ɗaure ku. Me kuma zan ƙara?"

Samari huɗu suka tasa ta gaba zuwa gangare, suka juya baya suka jefi tukunyar da duwatsu har ta fashe, suka wuce da ita wata bukkar gona suka ajiye. A baranda kuwa an zaro wuƙa. Kowa ya ɗauki nasa ya yanke, wanda na matarsa ne a tabarma ya yanke mata. Landu ya yanke nasa ya jefa a ƙasa. Umbu kaɗai ya saka nasa a jakar pinang ɗinsa, ya ce sai ya natsu.

Ana shirin zazzage kwandunan sai ga Wori, wata masaƙiya mai shekara saba'in, ƙawar Kahi tun ƙuruciya, ta dawo daga gona. Ta hau barandar maza, abin da mace ba ta yi, ta zauna daram a kan kwando ɗaya ta rungume biyu.

"Gwaggo, sauka, ba wurinki ba ne," in ji Umbu.

"Zo ka sauke ni, mai sanƙo. Ku da ko ƙyallen share majina ba ku taɓa saƙawa ba, wa ya aike ku taɓa zare? Abin da aka ɗaure shi ne abin da rini bai taɓa ba. Ku tambayi matanku mana, ga su nan kun shanya su a rana."

Matan da ke ƙasa babu wadda ta ɗaga kai. Goma sha ɗaya aka riga aka yanke.

Ranar Lahadi wani manomi mai suna Hapu yana zaune a barandarsa yana ɓare masara, ƙafarsa ta karye ƙasa da gwiwa, maƙwabta suka ji ƙarar. Babu abin da ya faɗo masa. Shekara uku kafin nan doki ya kayar da shi a sukuwa ya birgima a kansa, ya tashi yana dariya.

Ranar Litinin wata mata, Tawuru, tana daka, wata huɗu rabon garin da ruwan sama, sai ta faɗi ruwan kogi yana bulbulowa ta bakinta da hancinta, har da yashi. Aka kifa ta aka danna bayanta, ta rayu. Ita ce ta ƙetare ambaliya shekara bakwai baya ta fito da kayanta a ka.

Ranar Talata ƙanin Umbu ya sunkuya yana cire ciyawa, ƙahon ɓauna da ba a gani ya huda masa ɗuwawu. Shi nasa shekara tara ne.

Uku, bakwai, tara. Ba sai an yi wa kowa lissafi ba: kullum mutum ɗaya, sabon abu ne ke fara zuwa, mafi tsufa yana ƙarshe. Mutanen da aka yanke wa ƙulli suka zauna suna tuna ranar da kowannensu ya sha da ƙyar, suna jera kansu. Na Landu shekara talatin da biyu ne, babu wanda ya kai shi. Ranarsa ta faɗo Laraba ta sama, kuma duk garin ya san abin da zai zo.

Talatar nan da azahar Umbu Retang ya sauka bukkar gona da pinang a hannu biyu.

"Apu, mun yi ɓarna."

"Ranar Asabar uwar Landu ce ni, yau na zama Apu. Ajiye a nan, kada hannuna ya taɓa ka."

Ta gaya masa abin da ba ta taɓa gaya wa namiji ba. Wata safiya in ta buɗe tukunya, fuskar mutum takan fito a kumfa, da abin da zai same shi kafin rana ta faɗi. Gashi ba ya yi mata wuya, domin ita ake kira askin fari na kowane jariri, na baƙi kuma a matsefi take tsinta. Sai ta naɗe ta ɗaure ta tsoma sau uku. Ciwo da tsufa ba sa fitowa a kumfa.

"Ban kashe komai ba, Umbu. Abin yana nan a waje yana jira, kamar rini a tukunya. Kun kwance, ya shiga."

"A sake ɗaurewa mana."

"Da wace tukunya? Sabuwa sai ta kwana goma kafin ta yi rai. Kwana takwas gare shi."

Tukunya mai rai irin wannan guda ɗaya ta sani, a Laiwotu, bayan tuddai, kilomita sittin da biyu, wurin wata tsohuwa Apu Ngana. Mace ɗaya ta koya musu rini, kuma shekara talatin ba sa magana saboda wani zanen doki da kowacce ta ce ɗayar ta sace mata. Tukunyar ba ta hawa mota ko doki, girgiza tana kashe ta, sai dai a ɗauko ta a ka. Ƙullin Tanambila kuma ba ya kamawa sai an ɗora tukunya a kan wasu duwatsu uku da ke ƙarƙashin tsamiyar marinarta. Na tambaye ta dalili, ta ce haka ta tarar.

"Sauran bakwai ɗin fa?" in ji Umbu.

"Ku kai su ƙofar asibiti su zauna. Ɗaya zan iya tararwa, shi ma in ƙafa ta yarda."

Landu bai zo ba. Ya aiko mata da doki, ta mayar.

Laraba da safe ita da Wori suka hau bayan motar da ke kai shanu. Da la'asar suna ƙofar Apu Ngana, wadda ta tsaya ta ƙare musu kallo.

"Wa nake gani kamar ɓarauniyar doki? Ashe ba ki mutu ba."

"Ina jira ki riga ni, Yaya, in ga irin zanen da za a rufe ki da shi."

"Me ya kawo ki?"

"Sun yanke."

Ngana ta zauna a dutsen ƙofa. "Nawa?"

"Goma sha ɗaya. Har na yaron."

"Na kadan?"

Kahi ta gyaɗa kai. Ngana ta tauna pinang ta tofar. Tukunya ɗaya gare ta, shekararta ashirin da shida tana raye, kuma akwai ƙulle-ƙullen nata mutanen a rataye a jinka, su ma ba su sani ba. In ta bayar, kwana goma garinta yana buɗe. Ta bayar. Abin da ta ce kawai shi ne, "In kika kashe min ita a hanya, kada ki dawo ko da gawa."

Alhamis da sassafe suka kama hanya. Tukunyar da rinin cikinta ta kai nauyin ɗan akuya. Wori ce ta fi ɗauka, domin dole Kahi ta kaɗa sabon zare da hannunta, tana tafe mazari yana juyawa. Ba a sauri, ba a tuntuɓe. Kowace safiya su ba tukunyar toka da farar ƙasa, su shinshina, su ɗora gammo. Rani ne, tuddan babu inuwa, sai ciyawa ja da dawakai daga nesa.

Labari ya riga su. Ƙauyuka huɗu suka rufe musu ƙofa, suka kwana a bukkokin makiyaya. A ƙauye na uku samari suka bi su da jifa. Dutse ya sami Wori a kunne, jini ya gangaro har kafaɗa, ba ta karkata wuya ba. Sai da suka yi nisa ta ce, "In na sauke tukunyar nan zan koma in ga uwar da ta haifi mai jar riga." A wani wurin kuma wata mata da ba ta bari an ga fuskarta ba ta ajiye musu dafaffiyar masara a kan dutse.

Kullum da rana tsaka ɗan aiken Umbu yakan zo a kan babur, ya tsaya nesa, ya juya baya ya faɗi labari. Wanda maciji ya sara, allura ta cece shi. Wadda gini ya taɓa ruftowa a kanta ta karye a haƙarƙari. Ranar Asabar tsawa ta faɗo wa wani a harabar asibiti, sama tas babu gajimare, ya mutu nan take a gaban ma'aikata. Ranar Litinin wani dattijo da ya faɗo daga giginya shekara ashirin da biyar baya ya mutu a kwance kan tabarma, bayansa a karye. Kahi takan saurara mazarin bai tsaya ba.

Laraba da safe suka iso kogin da ke ƙasan Tanambila. A kan yashin da kullum ake ganin kadoji shida ko bakwai suna shan rana, babu ko ɗaya. Wori ta ce wannan ya fi jifan ba ta tsoro.

Rana ta kusa tsaka suka ɗora tukunyar a kan duwatsu uku. Duk garin ya sauko, maza sun jeru sun ba marina baya. Landu yana zaune a gindin tsamiya, shi ma bayansa ya ba tukunyar, an ɗaura masa igiyar doki a ƙugu, maza huɗu suna riƙe. Kwana uku bai ci abinci ba. Uwar ta zo ta tsaya a kansa ta tsinki gashi.

"Inna," in ji shi.

"Yi min shiru, ina aiki."

Ta naɗe, ta ɗaure da kaba, ta tsoma. Zare in ya fito daga shuni kore ne, sai ya sha iska yake komawa shuɗi, kuma ba a mayar da shi sai ya koma. Tsomi na farko ya wuce lafiya. Ana cikin shan iska na biyu sai warin taɓo ya cika wurin. Zanen Landu ya jiƙe sharkaf daga ƙugu zuwa ƙasa. Ramuka suka buɗe a cinyarsa ta hagu, a jere, sama da ƙasa. Sai aka fizge shi. A busasshiyar ƙasa ya tafi da baya wajen kogi, yana jan maza huɗu a gwiwoyinsu. Wasu uku suka faɗa kan igiyar, aka ja su su ma.

"Kahi, yana tafiya," in ji Wori.

"Bai sha iska ba."

"Kahi."

"Na ce bai sha ba."

Ba ta waiwaya ba. Tana riƙe da ƙullin a tsakanin yatsu biyu tana kallon korensa yana gushewa. Waɗanda suka auna sawun daga baya sun ce taku goma sha huɗu aka ja shi. Aka ji ƙashin cinyar ya karye. Sannan ta tsoma na uku, igiyar ta saki, mazan suka zube a kan juna.

Ramuka goma sha takwas likita ya ɗinke. Landu ya yi wata biyu a asibiti, yanzu da sanda yake tafiya, ba ya hawa doki.

Dattawa suka zauna suka janye hukuncin, suka aika a gaya mata ta dawo ɗakinta ta ci gaba da ajiye kwandunan. Ta ƙi duka biyun. Ta gina bukka kusa da tsamiya. Ranar wata kasuwa ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gari ta riƙa kiran suna tana miƙa wa kowa nasa, ɗari biyu da biyu, tana cewa a kiyaye shi daga ɓera da danshi. Wasu suka tambaye ta abin da ke ciki, ta ce su tuna da kansu. Akwai waɗanda har yau ba su tuna ba, su ne suka fi ramewa. Mutum biyu sun ƙaura daga garin da nasu a cikin gwangwani. Har yanzu babu mai cin abinci daga hannunta. Tukunyar Ngana kuwa ita da Wori suka mayar da ita a ka, wannan karon a kwana tara.

Da Landu ya fara takawa, ya sauko gangare shi da Emba. Ya zauna nesa da tukunya ya daɗe yana wasa da sandarsa.

"Inna, maganar haihuwar fa?"

"Ban taɓa ganin cikin matarka a kumfa ba. Ku je asibiti, kai ma a duba ka."

Ta miƙa masa ƙullinsa. Ya juya shi a tafin hannu, ya ga bai kai sauran kauri ba.

"Wannan zai riƙe?"

"A tafe na kaɗa shi, kuma ɗauri na biyu ne. In ya daɗe ya yi shekara goma. Kafin ya ruɓe sai an yi wani a kansa."

"Ke za ki yi?"

"Ka ƙirga shekaruna, ɗan kasuwa."

Emba ce ta yi magana. 'Yar gidan masu ɓauna arba'in ce, ba ta taɓa bi ta marina ba, kuma ta san abin da za ta rasa: 'yan'uwanta ba za su ƙara cin girkinta ba, ubanta ya riga ya faɗa. Ta ce, "Inna, ki koya min."

"Ba kowa kumfa ke nuna wa fuska ba."

"Ba fuska nake nema ba. Wannan ƙulli ɗaya na san abin da ke cikinsa."

Wata biyar ke nan Emba tana sauka gangare kowace safiya. Ɗauri ya zauna mata, kaɗi da sauƙi, amma tukunya ta ƙi yi mata rai. Ranar Litinin da ta wuce Kahi ta buɗe tukunya ta uku da Emba ta haɗa, ta shinshina, ta sa ta zubar a gindin tsamiya, ta ba ta kwando ta aike ta tsinko sabon ganyen baba.